Takalman Ƙanƙara Zuwa Damagaram

Shekarar da 'yan ƙwallon Najeriya suka ci Sifen uku da biyu ce. Ni ba ma'abocin ƙwallo ba ne, ban ma kalli wasan ba. Amma washegari da na shiga titin Zhanxi, inda ake sarin takalma kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, kowane mai shago sai ya ɗaga mini yatsu uku a hannu ɗaya, biyu a ɗayan, yana dariya. Wani har shayi ya zuba mini. Ba a daɗe ba aka lallasa mu aka koro mu gida, masu shaguna suka koma kallona kamar da. Da wannan nake tuna shekarar, domin tafiyar da ta biyo bayan waccan ita ce wadda na yi da Baba.

A lokacin mu kaɗan ne a garin. Yawancinmu daga Bankok muka juyo, da muka ji labarin kayan sun fi sauƙi a nan. Idan ka ji Hausa a titi sai ka tsaya a gaisa, ko Bakano ne, ko ɗan Nijar, ko ɗan Gana. Masauki ɗaya muke sauka, a ɗaki ɗaya muke haɗuwa mu yi jam'i.

Na yi karatun allo, na sauke. Lambobi kuma kasuwa ta koya mini, ina karanta su ina rubuta su, kuma da wuya a riga ni lissafi. Boko ne ban yi ba. Baƙaƙen Turawa a wajena duk zane ne. A gida wannan ba abin magana ba ne, rabin layinmu a kasuwa haka muke. A Guangzhou ne abin ya zama wani abu, kuma ni na mai da shi haka.

Shagon da nake saye na wasu mata da miji ne. Mijin yana yawan zuwa masana'anta, matar ce ke zama. Ita nake kira uwar shago. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, Turancinta na kasuwa ne irin nawa. Tana ce mini lawban, wato maigida, ni ma in ce mata lawban, mu yi dariya. A kusurwar shagon, bayan tarin kwalaye, akwai kwamfuta. Ita ce ta farko da na taɓa tsayawa kusa da ita a rayuwata. Fuskarta baƙa ce, rubutun kore, ba hoto ba komai, sai layuka a jere da lambobi a gefe. Da maɓallai kawai ake sarrafa ta.

Ranar da na fara saye a wurinsu, uwar shago ta ce in zaga in ɗauko duk irin takalmin da nake so. Na bi yadda nake shirya shagona a Kano. Na fara da sandal na maza baƙi, sai ruwan ƙasa, sai sau-ciki. Na koma na mata, marasa tsini da masu tsini. Na ƙare da na yara, kambas da na jarirai. Duk wanda na ajiye a gabanta sai ta buga masa layi guda. Da na gama ta ƙara sauran kayan shagon a ƙasa, waɗanda ba ruwana da su, har da wasu manyan takalman ƙanƙara masu gashi a ciki da Rashawa ke saye. Sai ta kunna injin buga takarda, mai ƙara kamar keken ɗinki, ya fito da doguwar takarda mai huji-huji a gefe biyu.

Takardar jadawali ce. A hagu sunan kowane takalmi da Turanci, a dama gurbi fari inda mai saye zai rubuta katan nawa yake so. Ba ta sa farashi a takarda, don kada maƙwabta su gani. Farashin yana cikin na'urar.

Na karɓa na ƙura mata ido. Ban iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma na san abin da na fara ajiyewa da abin da ya biyo baya. Layin farko sandal baƙi, na biyu ruwan ƙasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta lamba, kamar mai tilawa. Da na zo inda kayana suka ƙare na bar sauran fari.

Abin da ya biyo baya shi ya ɗaure mini kai. Ta shigar da lambobina, jimilla ta fito a ƙasa. Na ce a rage mini sau-ciki. Ta goge lamba ɗaya ta sa wata, kafin in ɗaga ido jimillar ta canza da kanta. A Bankok idan ka canza ra'ayi a kan abu ɗaya, sai mai shago ya ja tsaki, ya soke takarda, a sake danna kalkuleta daga farko. Nan kuwa ba wanda ya taɓa jimillar. Ban yarda ba. Na ciro kalkuletata na bi lissafin a tsanake, tana kallona tana shan shayinta. Daidai ya fito. Na sake canza wani don in kama na'urar da kuskure, ban kama ta ba. Har na daina gwadawa.

Tun daga nan kowace tafiya haka muke yi. Ta buga mini takarda, in zauna a kan kwali in cika. Idan sabon samfuri ya zo ta nuna mini shi, ta sa shi a ƙarshen kayana, in ƙara shi a haddata. Ba ta taɓa aiko mini da abin da ban ce ba. Har ta kai na daina jiran a haɗa kaya in duba, sai in biya in tafi, su kai wa ejan ɗin jirgin ruwa.

A masauki mutanenmu suka riƙa ganina da wannan doguwar takarda ina bin ta da ɗan yatsa. Wani ya ce ashe Malam ɗan boko ne. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Daga baya na sayi tabarau a wajen wani mai tebur a bakin tasha, gilashin banza ne, ba ya ƙara gani ba ya ragewa. Duk lokacin da aka miƙo mini takarda sai in ciro shi in saka. Na ji daɗin yadda ake kallona. Wannan ita ce gaskiyar maganar.

Baba mutumin Damagaram ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Yana da shagon takalma a garinsu, kuma ya daɗe yana zuwa Kano yana sara a hannuna. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, shi kuwa ba ya gajiya da shi. Bai taɓa kiran sunana ba. Bawana yake ce mini, ni in ce masa tsohon ƙauye.

Wata rana yana zaune a shagona ya ce, "Bawana, ribar da kake ci a kaina ta isa. Bana da ƙafata zan je in ga inda ake haihuwar takalman nan."

Na ce, "Baba, kai da ko Legas ba ka sani ba? Su China ba sa jin Faransanci."

"Ni ma ba na ji. Ai shi ya sa zan tafi da bawana mai ido huɗu, ya karanta mini."

Da gaske yake. Sallah ƙarama za ta faɗo cikin sanyi a wannan karon, kuma yana so ya cika shagonsa da kayan Sallah daga tushe. Ya tattara abin da shagon ya mallaka ya sa a tafiyar. Bai ɓoye mini ba. Ya ce idan kayan suka zo daidai zai buɗe wa babban ɗansa shago na biyu, idan ba su zo ba to sai dai Allah. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wurin mutanena za mu.

Guangzhou ta ba shi mamaki, amma bai yarda ya nuna ba. A bakin tasha, cikin turmutsutsun masu ɗauke da buhuna, na kama hannunsa don kada ya ɓace. Ya fizge.

"Kakannina da suka zo Kano da yaƙi ba su nemi ɗan jagora ba."

"Shi ya sa suka koma ba su shiga gari ba," na ce.

Ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙo mini hannun da kansa.

Da muka isa shagon ba mu tarar da uwar shago ba. Mijin ne a zaune. Na tambaye shi ina lawban, ya ce meyo, wato babu, sannan ya zana babban ciki da hannuwansa a gabansa ya nuna can nesa. Ta tafi garinsu haihuwa. Na yi masa barka tun kafin lokaci.

Ya ja mu kusurwa yana murmushi, yana so mu ga wani abu. An canza kwamfutar. Sabuwar fara ce tas, fuskarta mai launi, da wani ɗan abu mai igiya da ake ja a kan tebur, kibiya tana yawo a fuskar. Jadawalin ma ya canza kama. Maimakon koren rubutu a kan baƙi, yanzu gidaje ne ƙanana a jere, kowanne da iyakarsa, da ƙananan hotuna a sama da ake dannawa.

Baba ya leƙa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ai hatimi ne. Ashe su ma suna da malamai."

Mai shago ya danna wani abu, sabon inji ya fito da takarda ba tare da ƙara ba, fara, ba huji a gefe. Ya miƙo mini.

"To bawana," in ji Baba, "sa idon naka na aro."

Na ciro tabarau na saka. Ina duba takardar na ga wani abu. Na saba ganin layin farko ya fara da wani baƙi mai kama da tsauni biyu a haɗe. Wannan ya fara da wani daban, mai ciki biyu a gefe ɗaya. Kuma layin ya fi tsawo. Na duba yawan layukan, kusan yadda na saba ne. Na ce wa kaina sabon inji ne, rubutunsa daban ne, kamar yadda hannun wani malami yake bambanta da na wani.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In ɗauko sandal baƙi daga kanta, in nuna wa mai shago, in ce wane layi ne wannan. Da ya nuna mini da yatsa shi ke nan. Amma Baba yana zaune a kan kwali kusa da ni, kafaɗarsa na taɓa tawa, yana kallon takardar yana kallona. Mai karatu ba ya tambayar wane layi ne wane. Na cire murfin biro.

Na ja layi na raba gurbin gida biyu, nawa da nasa. Na ɗora yatsa a layin farko na ce, "Sandal na maza, baƙi."

"Nan ne kasuwa," ya ce. "Zuba mini da yawa. Duk Badamagare sai ya taka sabo ranar Idi."

Haka muka bi. Ina faɗin sunan takalmi daga ka, yatsana na sauka layi-layi, yana faɗin adadi ina rubutawa. Shi ya fi zubawa a layukan sama, inda nake ce masa na maza ne. Ni nawa kaɗan ne a wannan tafiyar, don na riga na kashe yawancin kuɗina a kan tufafi a kasuwar Baima. Da na zo inda haddata ta ƙare na bar sauran fari kamar kullum.

Mai shago ya karɓa ya fara shigarwa. Ya tsaya. Ya dubi takardar, ya dube mu. Sai ya rungume kansa da hannu biyu yana karkarwa, ya tambaye ni da guntun Turancinsa ko ƙasarmu akwai sanyi.

Baba ya ce, "Me yake cewa?"

"Yana tambaya ko ana sanyi a wajenmu."

"Gaya masa lokacin da kayan nan za su isa, ko alwala sai an ɗumama ruwa."

Na ce wa mai shago e, akwai sanyi sosai a watan. Na ɗauka hira ce kawai. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da bugawa.

Jimillar ta fito ta wuce abin da na yi tsammani nesa ba kusa ba. Wannan ma ya isa ya tsayar da ni. Na ce wa Baba kaya sun tashi, ko'ina haka ne bana. Ya ce abin da ke ɗamararsa bai kai nan ba. Na ce wa mai shago a rage. Ya ja kibiyar ya canza lamba ɗaya, jimillar ta sauka da kanta.

Baba ya miƙe tsaye. "Wa ya taɓa ta ƙasan?"

"Ba kowa. Ita take yi."

"Ce masa ya sake."

Aka sake. Ya sa aka ƙara, ta hau. Ya sa aka rage, ta sauka. Ya manta da tsadar gaba ɗaya, ya koma kamar yaro a gaban mai wasa da kura. Ni kuma na tsaya a gefe ina yi masa bayani kamar ni na ƙera ta. Muka yi ta datsewa daga kowane layi har jimillar ta zo daidai da abin da yake da shi. Ya biya yana cewa hatimin China ya fi na malamin unguwarsu aiki.

Ya so mu jira a haɗa kayan mu gani da idonmu. Na ce ba a yin haka da mutanen nan, kuma kwanakin bizarmu sun kusa cika. Mai shago ya ba kowannenmu kwafin takardar da tambarinsa ja. Baba ya ninke tasa ya sa a aljihun 'yar shara.

Kayan sun iso ta Kwatano ana tsakiyar azumi. Nasa suka wuce Damagaram, nawa suka zo Kano. Katan na farko da na farka, hannuna ya shiga cikin gashi. Na ciro takalmin ƙanƙara mai tsawo har ƙwauri, mai nauyi kamar turmi. Na farka na biyu, shi ne. Na gaba takalman jarirai ne, fiye da abin da zan sayar a shekara uku. Na bi katan ɗin duka ban ga sandal na maza ko ƙafa ɗaya ba. Maƙwabcina a kasuwa ya ɗauki ɗaya ya zura hannu a ciki ya ce ko na fara sayar da kyanwa ne.

Washegari na hau mota zuwa Damagaram. A hanya ina ta shirya yadda zan zagi mutanen China a gaban Baba, domin har lokacin ina ganin su suka yi mana musaya.

Na same shi a ƙofar shago, katan a buɗe a bayansa har rufi. Babban ɗansa, wanda ya yi makaranta, yana tsaye a ciki. Baba ya amsa sallamata ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi azumi. Sannan ya ciro takardar nan daga aljihu ya warware ta a kan gwiwarsa ya miƙo mini.

"Alhaji, karanta mini layin farko."

Bai taɓa ce mini Alhaji ba. Na kai hannu aljihu wajen tabarau, sai na fasa. Na riƙe takardar. Ana ta wucewa a titi, wani mai ƙanƙara yana talla.

"Yaron nan ya karanta mini jiya," ya ce. "Abin da aka rubuta shi aka kawo. Ba su cuce mu ba."

Ya karɓi takardarsa ya ninke. Bai ɗaga murya ba, bai ce na cuce shi ba. Da aka sha ruwa ya sa aka kawo mini kunu da ƙosai, ya raka ni tasha da kansa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ɗauki abin da zan iya na kayan tufafina na aika masa ya sayar ya rage asara. Ya karɓi rabi ya dawo da rabi, tare da godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

Ban koma Guangzhou ba sai bayan sun gama hutun sabuwar shekararsu. Duk da abin da Baba ya faɗa, akwai abin da ban gane ba. Shekara da shekaru layin farko sandal ne. Wa ya matsar da shi?

Uwar shago ta dawo, jaririnta na kwance a cikin wani kwalin takalmi da aka shimfiɗa wa bargo. Tana ganina ta tashi, ba ta ce lawban ba. Ashe ta riga ta gani. Da ta dawo ta bi cinikin da aka yi ba ta nan, ta ga an aika takalman ƙanƙara Afirka da sunana. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa yana shan taba, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ta ja ni gaban sabuwar kwamfutar ta buɗe jadawalin. Ta ɗauko sandal baƙi ta ajiye a tebur, ta nuna layin farko, ta nuna sandal ɗin. Wato ga yadda na san shi. Sai ta ja kibiyar zuwa wani ɗan hoto a sama, mai baƙaƙe biyu da kibiya mai kallon ƙasa. Ta dube ni, ta danna.

Layukan duka suka yi tsalle. Cikin ƙiftawar ido kowanne ya bar wurinsa ya koma wani. Ba abin da ya ɓace, ba abin da ya ƙaru, amma wanda ke sama ya nutse can ƙasa, na ƙasa ya hau. Ta ɗauko takalmin ƙanƙara ta ajiye kusa da sandal, ta nuna sabon layin farko. Ta nuna mijinta da haɓa. Da hannu da guntun Turanci ta fahimtar da ni cewa a tsohuwar na'ura ma ana iya yin haka, amma sai an bi matakai da yawa, kuma shi bai iya ba. A sabuwar dannawa ɗaya ce. Ya ga jadawalin a hargitse, ya gyara shi don ya yi kyau. Ga duk mai karatu ba abin da ya canza.

Ni takarda na sani, wadda idan an rubuta abu a kanta yana nan inda aka sa shi har ta yage. Ban taɓa kawowa a raina cewa layi yana tafiya ba.

Na ce mata to me ya sa ita ba ta taɓa gyara shi ba. Sai ta buɗe wata durowa ta yi ta bincike, ta ciro tsofaffin takardu biyu masu huji a gefe, ta shimfiɗa su a gabana. Dukansu da lambobina, da hannuna. Ɗaya da baƙaƙen Turawa. Ɗayar kuwa da rubutun China ne daga sama har ƙasa.

Na tsaya ina kallo. Ko makaho ya san waɗannan rubutu biyu ba ɗaya ba ne, ni ma na sani. Amma na tuna ranar. Tafiyata ta biyu ce, ta yi kuskure ta buga mini wadda take ba 'yan ƙasarsu. Na ga rubutun ya canza, na ce a raina wata ƙila haka ake yi wani lokaci, na cika ta tsaf ban ce komai ba. Wanda ya iya karatu da ya mayar mata ya ce ba ya jin wannan.

"Tun ranar na sani," ta ce. Ta taɓa idonta, inda tabarau ke zama, ta girgiza kai a hankali. Ba dariya take mini ba.

Ta ciro wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu, irin wanda ake ajiye aikin kwamfuta a ciki a lokacin. A jikin takardarsa an zana hula da biro, irin tawa. Nawa ne ni kaɗai. Duk tsawon shekarun nan tana ajiye jadawalina daban, a jeren da na ɗauko takalma ranar farko, ba ta bari ya motsa. Ba ta gaya wa mijinta dalili ba, don tana ganin sirrina ne. Da za ta tafi haihuwa ta ce masa ya yi amfani da wannan idan na zo. Ya yi amfani da shi, bayan ya gyara.

Na yi ta tunanin sau nawa na zauna a kan kwalin nan a gabanta, na ciro tabarau, na goge shi da bakin riga, na ɗaure fuska ina motsa leɓe. Ita kuma tana zuba mini shayi. Kunyar da na ji a Damagaram ta abin da na jawo wa mutum ce. Wannan kuwa ban san sunanta ba. Na ji kamar in shige cikin kwalayen.

Jaririn ya farka ya fara kuka. Ta ɗauke shi, ta danna wani abu da hannu ɗaya, layukan suka koma yadda na san su. Ta buga takarda ta miƙo mini. Na ce mata a'a. Na tashi na ɗauko takalman ɗaya bayan ɗaya, ina ajiyewa a gabanta ina faɗin adadi da baki, ita tana bugawa. Haka muka ci gaba da yi har na daina zuwa China.

Ban shiga ajin manya ba sai bayan shekaru masu yawa, da furfura a gemuna. A makon farko malaminmu ya rubuta baƙaƙe a allo ya ce suna da jeri, kowanne da wanda yake bi, kuma da wannan jerin ake shirya sunaye a ko'ina. Ya nuna na biyu. Shi ne mai ciki biyu a gefe ɗaya. Na bi allon da ido har na samo mai kama da tsauni biyu, can tsakiya. Ashe sunan takalmin ƙanƙara a Turance da na biyun yake farawa, sunan sandal na maza kuwa da na tsakiyar. Sai a ranar na gane dokar da layukan nan suka bi da suka yi tsalle. Abin da ake koya wa yara da waƙa ne. Malamin ya ga na daina rubutu ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau.

Baba ya ci gaba da zuwa Kano na ɗan lokaci, amma a wani layin yake saye. Idan muka haɗu mukan gaisa da mutunci. Ya rasu kafin in iya rubuta sunansa.

Ga lissafin asarar. Takalman ƙanƙara katan arba'in da ɗaya ne, talatin da huɗu nasa, bakwai nawa. Ba a sayar da ko katan ɗaya ba, sai 'yan ƙafafu da masu gadi suka ɗauka a kan abin da bai kai kuɗin dako ba. Na jarirai sun ɗauki shekara huɗu kafin su ƙare. Kasuwar Sallah ɗaya ta wuce shagonsa ba sandal. Shago na biyu ba a buɗe ba, ɗan ya tafi aikin mota. Tabarau ɗaya, na bar shi a kan kwali a titin Zhanxi. Da mutum ɗaya da yake ce mini bawana.